Tambaya da Amsa: Ina saƙonka yake kwana a intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malaminmu na kwamfuta ya yi mana maganar newsgroup, ya ce ya girmi Facebook nesa ba kusa ba. Mene ne shi, kuma da me ya bambanta da rukunin WhatsApp na ajinmu? Daga wata ɗaliba, Jami'ar Abdou Moumouni, Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Malaminku ya yi gaskiya. Newsgroup zauren tattaunawa ne a cikin tsarin da ake kira Usenet, wanda ɗalibai biyu na Jami'ar Duke ta Amurka, Tom Truscott da Jim Ellis, suka ƙirƙiro a 1979, ya fara aiki a 1980.

Abin da ya raba shi da WhatsApp da Facebook shi ne inda saƙo yake zama. Usenet ba shi da mai shi. Idan kika rubuta saƙo, yana shiga babbar kwamfutar da kika yi rajista da ita, wato sabar. Ita kuma ta miƙa kwafi ga sabobin da take hulɗa da su, su ma su miƙa gaba, har ya game duniya, kamar yadda direbobi ke miƙa saƙo daga tasha zuwa tasha. Kowane saƙo yana da lambar shaida tasa shi kaɗai, don haka sabar da ta riga ta karɓa ba ta sake karɓa. Amsa kuma tana ɗauke da lambar saƙon da take amsawa, da haka manhaja ke jera zance, uwa a sama, ƴaƴa a ƙasa. A kiyaye wannan sosai: tunda kwafin ya bazu wurare masu yawa, gogewa ba ta da tabbas. Akwai saƙon sokewa, amma sabobi da yawa ba sa kula shi, domin an sha yin na jabu.

Sunan zaure yana faɗin abin da ke ciki, daga babba zuwa ƙarami. Comp na kwamfuta ne, sci na kimiyya, soc na al'umma, fr na masu Faransanci. A zauren comp.os.minix ne Linus Torvalds ya sanar da aikin da ya zama Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a watan Agusta na 1991, kuma a watan ne Tim Berners-Lee ya bayyana yanar gizo, wato World Wide Web, a alt.hypertext.

Har yau ana iya shiga. Ki saka manhajar Thunderbird a kwamfuta, kyauta ce. Ki yi rajista a sabar da ke ba da zaurukan rubutu kyauta, kamar Eternal September. A cikin manhajar ki buɗe asusun newsgroup, ki rubuta sunan sabar da lambar ƙofa, wato port, 119, ko 563 idan kina son haɗi mai kariya, wanda shi muka fi so. Sai ki zaɓi zaure. Rubutu ne zalla, ba ya cin data da yawa. Idan ya ƙi buɗewa, yawanci ba a sa alamar neman suna da kalmar sirri ba ne. Dandalin Google Groups ya daina karɓar sababbin saƙonnin Usenet tun Fabrairun 2024, tsofaffin ne kawai ake karantawa a can. Zauruka da yawa sun yi kufai, tallace-tallacen banza ne suka fara korar jama'a tun 1994.

Tambaya: Ni mai gyaran waya ne a Tawa. Na rubuta tambaya a wani dandalin masu gyara, ba wanda ya amsa, daga baya ma aka rufe ta. Me ya jawo haka?

Amsa: Malam, ba kamar Usenet ba, dandalin da ka shiga sabar guda yake da ita da mai shi guda, da masu sa ido da aka ba ikon rufe zance ko korar mutum. Abubuwa uku suka fi jawo rufewa: an riga an amsa irin tambayar, an sa ta a sashen da ba nata ba, ko kanta bai faɗi komai ba. Kan da ke cewa "Ku taimaka don Allah" ba wanda zai buɗe. Ka rubuta sunan wayar da lambar samfurinta da ciwon, misali ba ta caji bayan ta faɗa ruwa. A ciki ka faɗi abin da ka gwada, abin da mita ta nuna a bakin caji da kan batir, ka sa hoto mai haske na allon cikin wayar. Kafin duk wannan, ka bincika da lambar samfurin, ka karanta saƙonnin da aka maƙala a saman sashen, dokokin gidan ke nan. Kada ka sa lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai kaya, ko lambar wayarka, kowa yana gani.

Muna ganin wannan wahalar ta cancanta. Amsar da aka ba ka a rukunin WhatsApp tana nutsewa cikin gaisuwa da saƙon murya, wanda ya shigo gobe ba zai same ta ba. Ta dandali kuwa tana nan da adireshinta, mai bincike zai tarar da ita bayan shekaru. Don haka idan gyara ya yi, ka koma ka rubuta abin da ya warware matsalar, da sunan kayan da ka canza.