Cizon kifin shak da zuwa bakin teku: amsoshin likita

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan mako sun taru a kan teku, yawancinsu kuma daga iyaye ne da hankalinsu ya tashi bayan sun ga labarin matasan da kifin shak ya ciza. Na zaɓi guda biyar.

Tambaya: Likita, barka da aiki. 'Yata ce ta nuna mini labarin wata yarinya a Amurka da kifin shak ya cire wa hannu, wai ta rayu har ta koma wasa a ruwa. Anya mutum zai rasa hannu sukutum a cikin teku ya kai asibiti da ransa?

Amsa: Hajiya, yana kaiwa, kuma labarin gaskiya ne. Sunanta Bethany Hamilton. Ranar 31 ga Oktoba 2003, tana da shekara 13, tana kwance a kan allon hawan igiyar ruwa a tsibirin Kauai na jihar Hawayi, kifin ya gutsure hannunta na hagu daga kusa da kafaɗa. Kafin a kai ta asibiti ta zubar da fiye da rabin jinin jikinta. Bayan ikon Allah, abin da ya cece ta shi ne mahaifin ƙawarta, wanda ya fitar da ita daga ruwa ya ɗaure dungun tamau da abin da ya samu a hannu.

Wanda shak ya ciza, galibi zubar jini ke kashe shi. Jinin babban mutum kusan lita biyar ne, kuma idan babbar jijiyar cinya ko ta hammata ta yanke, cikin 'yan mintuna ake rasa rai. Don haka wanda ke tsaye kusa da shi a wannan lokacin ya fi likitan da ke asibiti muhimmanci. A fitar da shi daga ruwa, a kwantar da shi, a dunƙule tawul ko riga a danne raunin da dukkan nauyin jiki. Kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Idan tsumman ya jiƙe a ƙara wani a kai. Idan hannu ne ko ƙafa kuma jinin na tsartuwa, a sami ƙyalle mai faɗi a ɗaure sama da raunin da kamar santimita 5 zuwa 7, ba a kan gwiwa ba, a sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya. Zai yi ihu don akwai zafi sosai, kada wannan ya sa a sassauta. A riƙe lokacin da aka ɗaure don a gaya wa likita, kuma a bar kwancewa ga asibiti. A lulluɓe shi saboda sanyi na hana jini daskarewa, kada kuma a ba shi abinci ko ruwa tunda tiyata zai shiga.

Ina roƙon ki koya wa 'yarki wannan. Mai yiwuwa har ta tsufa ba za ta ga shak ba, amma haɗarin mota da yankan inji haka ake tsayar da jininsu.

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 16 an yanke masa ƙafa a ƙasa da gwiwa bayan haɗari, wata uku ke nan. Da dare yana kukan yatsun ƙafar da babu ita suna masa zugi, wasu a gida na cewa shagwaɓa ce. Kuma tun da ya ga waɗanda shak ya ciza sun warke suna wasanni, sai ya ce shi ne rago. Me zan yi?

Amsa: Malam, Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ku ladan jinya. Kafin komai, ka gaya wa mutanen gida cewa yaron nan gaskiya yake faɗa. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin ta kamar tana nan, da yawa kuma suna jin zafi a cikinta: zugi, ƙuna, ko kamar ana matse yatsun. Jijiyoyin da aka yanke suna ci gaba da aika saƙo, ƙwaƙwalwa kuma har yanzu tana riƙe da wurin da ta ware wa wannan ƙafa. Idan aka ƙaryata shi, an haɗa masa ciwo biyu.

Akwai abin yi. Farasitamol ba ya cika taɓa irin wannan zafi. Akwai magungunan ciwon jijiya irin su gabapentin da amitriptyline, amma likitansa ne zai rubuta ya kuma ƙayyade adadi, ba a saye su da ka. Akwai kuma dabarar madubi, wadda masanin ƙwaƙwalwa Ramachandran ya fito da ita a shekarun 1990. Yaron zai zauna ya miƙe ƙafafu, a tsayar da dogon madubi a tsakaninsu yadda zai ɓoye dungun, ya riƙa motsa lafiyayyar ƙafar yana kallon hotonta. Ido na gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ƙafar da ke ciwo ta motsa ta saki. Ba kowa take yi wa aiki ba, amma ba ta cika yin illa ba kuma ba ta cin kuɗi, a gwada minti goma zuwa sha biyar kullum na wasu makonni.

Ku kula da dungun kansa. A riƙa naɗe shi yadda aka koya muku don kumburi ya sauka, kuma kada a sa matashi a ƙarƙashin gwiwa, kada ya wuni da ita a lanƙwashe. Gwiwar da ta ƙage a lanƙwashe tana hana sa ƙafar roba, gyaranta kuma wahala ne. Kada ku yi wasa da zuwa wurin likitan gashin ƙashi, mai koyar da motsa gaɓoɓi. Tunda yaron bai gama girma ba, ku sa a ranku cewa ƙafar roba ta farko ba ita ce ta ƙarshe ba, za a yi ta gyara da sauyawa.

Maganar ragwantaka ita ta fi damuna. Bethany ta koma kan allonta bayan kamar wata guda, a 2005 ta ci gasar ƙasa, abin a yaba ne ƙwarai. Sai dai shi labari yana nuna ranar nasara ne, ba ya nuna dararen da mutum ya kwana yana kuka. Ita hannu ta rasa, shi ƙafa ce da zai sake koyon tafiya a kanta, kuma kowane jiki da saurinsa. Wata uku farkon tafiya ne. Ka zauna da shi kai kaɗai, ka tambaye shi yadda yake barci. Idan yana mafarkin haɗarin, yana firgita, yana gudun abokai, ko ya daina cin abinci, kuma abin ya wuce wata guda, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Idan kuwa ya taɓa cewa gara ya mutu, a ranar za a kai shi.

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce, ƙawayena sun shirya zuwa bakin teku lokacin hutu. Tun da na ga hotunan nan na cizon shak na ji na fasa. A ganinka tafiyar ta cancanci kasadar?

Amsa: 'Yata, ki je, amma ki san abin da za ki ji tsoro. Gidan tarihin halittu na Fulorida yana tara lissafin cizon shak na duniya baki ɗaya. A 2023 ya ƙirga mutum 69 da aka ciza ba tare da sun tsokani kifin ba, 10 suka rasu. A 2024 mutum 47 ne, 4 suka rasu. Wannan a duk duniya ke nan, cikin miliyoyin da ke shiga teku. Nau'in shak ya haura 500, kuma uku ne kawai aka fi sani da mummunan cizo. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta kiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Abin da ke cin mutane a bakin teku wata siririyar hanyar ruwa ce. Igiyoyi na turo ruwa gaɓa, ruwan ya nemi inda zai koma, sai ya tattaru ya bi ta wuri guda da gudu ya nufi ciki. Abin takaici, wurin yakan fi ko'ina kwanciya a ido, duhu-duhu, babu kumfar igiya, shi ya sa wanda bai iya ruwa ba yake zaɓarsa. Ba ya jan mutum ƙasa, nesa da gaɓa yake kai shi. Mutum ya ga ƙasa na yi masa nisa, ya ruɗe, ya yi ta kokawar komawa kai-tsaye har ƙarfinsa ya ƙare. Wanda ruwan ya ɗauka ya kwanta rigingine ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu ya nemi taimako. In ya iya iyo, ya yi gefe, ya bi tsawon gaɓar har ya fita daga jan, sannan ya juyo. Wanda ke waje kuma ya jefa masa abin da ke tasowa ya kira masu ceto. Masu faɗawa ruwa don ceton wani da yawa tare suke tafiya.

Ku zaɓi wurin da akwai masu ceto, ku tambaye su inda ake shiga, ku bi tutocin gargaɗi. In ba ki iya iyo ba, kada ruwa ya wuce gwiwarki, komai kiran da ƙawaye za su yi miki. Shi kuwa shak, an fi rage haɗarinsa da gudun shiga ruwa da asuba ko magariba, gudun inda ake kamun kifi ko ruwa ya gurɓace, cire sarƙa da awarwaro masu ƙyalli, da zama cikin mutane. Iskar wurin, tafiya a kan yashi da hutun da zuciya ke samu duk alheri ne ga lafiya, ba zan so hoto ɗaya ya raba ki da su ba.

Tambaya: Da gaske ne jinin al'ada ko ƙaramin rauni na jawo shak?

Amsa: Babu hujjar da ta nuna cewa mai al'ada ta fi shiga haɗarin cizo. Mai buɗaɗɗen rauni kam ya haƙura da ruwan, amma saboda wani dalili daban: ruwan teku mai ɗumi na ɗauke da ƙwayar cutar Vibrio, wadda ke shiga ta rauni ta ci nama da sauri, musamman ga masu ciwon hanta ko ciwon suga. Duk wanda ya yanke a teku ya wanke da ruwa mai tsafta da sabulu, ya duba allurar tetanus ɗinsa. In wurin ya kumbura, ya yi ja, ya yi ƙuraje masu ruwa, ko zazzaɓi ya zo, asibiti a daren, ba sai da safe ba.

Tambaya: Likita, ƙanina yana da farfaɗiya, ɗiyar yayata kuma sikila ce. Mu bar su a gida?

Amsa: A'a, ku tafi da su. Mai farfaɗiya ya sha maganinsa a kan lokaci, ya sa rigar ceto, ya tsaya a ruwa marar zurfi, kuma a ware babba guda wanda aikinsa kawai ya tsaya inda hannunsa zai kai gare shi, ba waya ba hira. Idan ciwon na tashi a kai a kai kwanan nan, ya zauna a kan yashi, ku kuma fara jin ta bakin likitansa. Ita kuwa mai sikila, sanyin ruwa da ƙishirwa ne ke tayar mata da ciwo. Ta sha ruwa sosai, kada ta daɗe a ciki, in ruwan na da sanyi kada ta shiga sam. Da ta fito a goge mata jiki a sauya mata busassun kaya, ta zauna a inuwa, ku kuma riƙe mata magungunanta a jaka.