Hukuncin sa wa tukunyar tururi bututun jan ƙarfe

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai aikin famfo ne. Ina da tukunyar tururi a gida, da ita nake fitar da ruwan wardi da man na'a-na'a. Ina so in cire mata bututun roba in sa na jan ƙarfe da mahaɗansa, sai wani ya ce ai irin tukunyar masu barasa ce, ko ajiye ta haramun ne. Kuma wani abokin ciniki ya nemi in yi wa tasa irin wannan gyara, ya kuwa gaya mini da bakinsa cewa barasa yake dafawa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, tukunyarka halal ce, gyaranta ma halal ne. Asali a cikin kayan aiki shi ne halasci, sai dalili ya zo da hani, kuma babu dalilin da ya hana dafa ganye ko fure a tara tururinsa ya huce ya koma ruwa. Musulmi sun daɗe a wannan sana'a. Al-Kindi, malamin Bagadaza a ƙarni na 9 miladiyya, littafi guda ya rubuta a kan haɗa turare da tace shi ta tururi. Shi kansa jan ƙarfen babu laifi a kansa. Kwanon zinariya da na azurfa aka hana ci da sha a ciki, kuma Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Zaidu cewa Annabi (SAW) ya yi alwala da ruwa a cikin kwanon tagulla. Wanda ya ce maka haramun ne ya yi hukunci da kamannin tukunya, bai duba abin da ake zubawa a cikinta ba. Fure da ruwa ba sa zama barasa don an tafasa su. Barasa tana samuwa ne idan aka bar abu mai zaƙi ya tsima da yis, tukunya kuwa tattara ta kawai take yi, domin barasa tana tashi a kusan digiri 78, ruwa sai ya kai 100.

Sharaɗin da zan gindaya maka na lafiya ne, bisa hadisin da Malik ya kawo a Muwaɗɗa, cewa babu cuta babu cutarwa. Ruwan wardi ana sha, ana shafawa. Don haka kada ka liƙe mahaɗan da dalma, guba ce da take taruwa a jiki, ta fi illa ga yara. Wasu mahaɗan tagulla ma akwai dalma a haɗinsu, sai ka nemi waɗanda aka yi domin ruwan sha. Ka riƙa goge koren tsatsar da jan ƙarfe yake yi, kuma kada ka bari mafitar tururi ta toshe, tukunya tana iya fashewa.

Sai maganar abokin cinikinka, kuma nan ne nake so ka natsu. Bai halatta ka yi masa wannan aiki ba, ladan da za ka karɓa ma haramun ne. Allah ya kira giya ƙazanta daga aikin Shaiɗan a Suratul Ma'ida aya ta 90, ya ce ku nisance ta. A aya ta 2 ta wannan sura ya hana taimakon juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Muslim ya ruwaito daga Ibnu Umar cewa duk abin da yake bugarwa giya ne, kowace giya kuma haramun ce, saboda haka babu bambanci tsakanin wadda aka tsima da wadda aka tace ta tururi. Ta biyun ma ta fi ƙarfi. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya la'anci mutum goma a kan giya: mai matsa ta, wanda aka matsa wa, mai sha, mai ɗauka, wanda aka kai wa, mai shayarwa, mai sayarwa, mai cin kuɗinta, mai saye, da wanda aka saya wa. Ka lura, mutum ɗaya ne kawai aka ambata da sha a cikinsu. Sauran tara hannu suka sa.

Na san abin da masu sana'a suke cewa: ni dai bututu na haɗa, abin da ya yi da shi tsakaninsa da Allah. Wannan magana tana da gurbi idan ba ka sani ba. Kai kuwa ya gaya maka. Kuma ka fi ni sanin dalilin da ya sa yake son jan ƙarfe: yana saurin ɗaukar zafi da sakinsa, yana kuma kama warin farar wuta da ke cikin tururin, barasar ta fito da daɗin sha. Ashe aikinka kai tsaye inganta giyar ne. Malikawa da Hambalawa sun haramta sayar da inabi ko ruwansa ga wanda aka san giya zai yi da shi, domin toshe hanyar ɓarna, Shafi'awa ma sun haramta idan an tabbatar. An ruwaito sauƙi daga Imam Abu Hanifa a kan ɗan dakon da ya ɗauko wa wanda ba Musulmi ba giya, amma almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, sun saɓa masa, kuma hadisin mutum goma yana tare da su. A wurin mafi yawan malamai hukuncin bai canzawa ko da mai tukunyar ba Musulmi ba ne.

Wanda ya zo sayen bututu bai ce komai ba, ka sayar masa, ba a ɗora maka binciken zukatan mutane ba. Idan alamu suka yi ƙarfi har zatonka ya rinjaya cewa barasar sha ce, sai ka janye hannu. Shi wannan mutum ka ba shi haƙuri da lafazi mai daɗi, ka gaya masa dalili, in ka karɓi kafin alƙalami ka mayar masa da kuɗinsa.

Wallahu a'alam.