Amsa: A ware tawagar gwaji ta musamman, ko kowace tawaga ta riƙa yin nata?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa da ya yi tambaya jiya da daddare, na ga an ba ka amsoshi gajeru-gajeru, to ni bari in ɗan ja maganar, don wannan ramin na taɓa faɗawa cikinsa har sau biyu. Ga waɗanda tambayar ta wuce su: ya ce kamfaninsu na manhajar biyan kuɗi ne, ma'aikata kusan arba'in, tawaga uku ke gina manhajar, oga kuma ya dawo daga wani taro ya ce a kafa sashen gwaje-gwaje. Yana so ya san ko a ware mutane su zama su kaɗai ke yin gwajin A/B (wato a raba masu amfani gida biyu, A su ga tsohon abu, B su ga sabo, a ga wanda ya fi), ko kowace tawaga ta riƙa yin nata, kuma ƙarƙashin wa za a sa su.

Kafin a zo rabon kujeru, ka fara ƙirga mutanen da ke shiga manhajarku a mako. Ba duka masu rajista ba, waɗanda ke isowa ainihin shafin da kuke son canzawa. Ga lissafin: a ce cikin mutum 100 da suka buɗe shafin rajista, 5 ne ke kammalawa, kana kuma son ka gane ko sabon shafi ya ɗaga su zuwa 5.5. Bisa ƙa'idar da aka saba aiki da ita, kana bukatar kusan mutum 30,000 a kowane ɓangare, jimla 60,000. In kuma ƙarin da kake farauta rabin wancan ne, wato 5.25, sai kusan 120,000 a kowane ɓangare. Duk sanda ka rage girman abin da kake nema da rabi, yawan mutanen zai ninka sau huɗu. Idan shafin nan mutum dubu biyu yake gani a mako, ka gaya wa oga gaskiya cikin ladabi: ba sashe kuke bukata ba tukuna, ku je ku zauna da kwastomomi goma ku ga inda yatsansu ke tsayawa. In kuwa kuna da jama'a, to ci gaba da karatu.

A kamfanin da na yi aiki a da, mun fara da tsarin da oganku yake so. Aka ware mu uku, ni da wani injiniya da wata ƙanwarmu mai nazarin bayanai, aka ce duk mai son gwaji ya kawo mana takarda. Watan farko abin gwanin sha'awa. Kafin wata huɗu teburinmu ya koma kamar gidan mai lokacin tsada: layi har waje, kowa na cewa nasa ne na gaggawa. Tawagar da ta gaji da jira sai ta saki abinta kawai, mu kuma bayan mako biyar mu kawo sakamakon abin da ya riga ya shiga wayar kowa. Abin da ya fi wannan muni, ba mu san kayan da muke gwadawa kamar yadda masu gina shi suka sani ba. Muna da lissafi, su suna da labarin kwastoma, kuma ba ma zama ɗaki ɗaya.

Sai aka ce to a rushe, kowa ya yi nasa. Nan ne na ga abin mamaki. Kowace tawaga ta sassaƙa mudunta. Wannan tana ƙirga "mai amfani" da wanda ya buɗe manhaja, waccan da wanda ya tura kuɗi, ta ukun da wanda bai goge manhajar ba. Ƙarshen kowane wata uku kowa ya zo taro da labarin nasara, babu wanda ya taɓa faɗuwa. Wata rana shugaban kamfanin ya ɗauki biro ya tara duk ƙarin da aka ce an samu, ya ɗaga kai ya ce, "To ina kuɗin?" Ɗakin ya yi tsit. Babu wanda ya yi ƙarya da gangan, amma in mai hatsi ne ya sassaƙa mudun da zai auna wa kansa, ka san yadda awon zai kasance.

Saboda haka amsata a taƙaice ita ce: mudu ya zama ɗaya kuma a hannun wanda ba shi da hatsi a kasuwar, amma awo kowace tawaga ta yi da hannunta. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Ron Kohavi, wanda ya daɗe yana jagorantar gwaje-gwaje a Microsoft, da Farfesa Stefan Thomke na Harvard sun bayyana tsari uku a wani rubutu da suka yi a 2017: na tsakiya zalla, na warwatse zalla, da na uku mai haɗa ƙaramar cibiya da mutanen da ke zaune cikin tawagogi. Na ukun Microsoft ke bi a lokacin. Ni dai sai da na sha wuyar biyun farko kafin na yarda.

A kamfani mai mutum arba'in, cibiyar nan ba ta wuce mutum biyu ba: injiniya ɗaya da mai nazarin bayanai ɗaya. Ba su ne masu kawo dabara ba, ba su ne masu yanke hukuncin a saki abu ko a fasa ba. Aikinsu su tabbatar rabon mutane zuwa A da B yana tafiya bisa ƙuri'a ta gaskiya, su rubuta ma'anar kowane ma'auni sau ɗaya kowa ya bi, su ajiye kundin duk gwajin da aka taɓa yi har da waɗanda suka faɗi, su kuma koyar. Kowace tawaga ta fitar da mutum ɗaya ya zama wakilinta, yana zama da cibiyar sau ɗaya a mako. Game da ƙarƙashin wa, kada ka bari a sa su ƙarƙashin wanda ladan ƙarshen shekararsa ya dogara da sakamakon, ko shugaban talla ne ko shugaban wata tawaga. Ƙarƙashin shugaban injiniyoyi ko na bayanai ya fi, kuma a ba su ikon cewa "wannan gwajin ya lalace, ba za a karanta shi ba" ba tare da sun nemi izinin kowa ba.

Bari in ba ka labarin da ya sa nake nanata wannan ikon. Mun taɓa gwada sabon shafin tura kuɗi, mai hotuna da ɗan motsi, kyakkyawa ƙwarai. Kwana goma sakamako ya fito, B ya yi wa A fintinkau. Har an aika a sayo tsire da lemo. Ƙanwar nan tamu ba ta ce komai ba, tana ta kallon kwamfutarta, can sai ta ce, "Yaya, zo ka ga wani abu." Ba nasarar take kallo ba, kawunan mutane take ƙirgawa. An raba rabi da rabi, amma mutanen B sun gaza na A da yawan da ƙuri'a ba za ta iya haifarwa ba. Da muka bi sawu, ashe sabon shafin ya yi wa ƙananan wayoyi nauyi. Mai tsohuwar waya a inda sabis ke rawa, manhajar na mutuwa kafin ta aiko mana shaidar cewa ya shigo. Wato B bai fi kyau ba, korar masu ƙaramin ƙarfi ya yi daga lissafi, ya bar masu manyan wayoyi waɗanda dama sun fi tura kuɗi. Tsiren dai an ci, amma shiru aka ci shi. Kada ka ɗauka mu kaɗai ne: masu bincike a Microsoft sun ruwaito a 2019 cewa kusan kashi 6 cikin 100 na gwaje-gwajensu na samun irin wannan karkacewar rabo. Kuma ba sai gibin ya yi girma ba. In ka raba daidai ka ga 50,000 a nan 48,900 a can, ido zai ce ai kusan ɗaya ne, lissafi kuwa zai ce akwai matsala.

Don haka aikin farko na cibiyarku, tun kafin a gwada dabarar kowa, shi ne gwajin A/A: a raba mutane biyu a nuna musu abu iri ɗaya sak. A maimaita sau da yawa. Bisa ƙa'idar da aka saba, kusan sau ɗaya cikin ashirin zai nuna bambanci alhali babu, wannan ba laifi ba ne. In ya fi haka nesa, mudun ne ya fashe. Yana kuma da amfani oga ya ga wannan da idonsa, don ya san "nasara" na iya fitowa ko ba a canza komai ba.

Abu na biyu da zan roƙe ka ka kafa shi ne takarda mai shafi ɗaya da ake cikewa kafin a kunna gwaji. Me za mu canza, me muke tsammani kuma don me, wane ma'auni ɗaya ne alƙali, waɗanne abubuwa ne ba za mu yarda su lalace ba (saurin buɗewa, kuɗin da ke maƙalewa, kiran ƙorafi), kwana nawa zai yi, kuma me za mu yi in ya faɗi. Wakilin wata tawagar daban ya karanta ya sa hannu. Amfaninta ba ya fitowa sai ranar da sakamako ya zo ba yadda ake so ba, aka fara cewa "ai in ka duba mata 'yan ƙasa da shekara talatin a Kaduna, ya yi aiki." In ka yanka bayanai gida ashirin, dole wani gidan ya yi maka murmushi. Takardar ce kuma ke hana leƙe. Manya na son buɗe allon kowace safiya, ranar da suka ga koren launi, alamar nasara, su ce a tsaya an ci. A'a. An rubuta mako biyu, mako biyu za a yi, sai dai in ana cutar da mutane. Kuma a riƙa yin cikakkun makonni, don Juma'a ba Litinin ba ce, ƙarshen wata da albashi ya shigo ba tsakiyar wata ba ne. Azumi ma haka: gwajin da aka yi cikin Ramadan sahihi ne tunda ɓangarorin biyu duk suna cikinsa, amma kada ka rantse zai tsaya haka bayan Sallah.

Af, kada in manta. Wani zai ce maka ba sai an raba mutane ba, a saki kawai a kwatanta da watan jiya. Ka tuna masa farkon 2023, lokacin canjin takardun naira da ƙarancin tsabar kuɗi, da jama'a suka koma tura kuɗi ta waya dole. Duk wanda ya canza launin maɓalli a watannin nan sai ya ɗauka shi gwani ne.

Akwai wani abu da ya shafe ku musamman in kuna da wakilai masu POS. Kada ku raba su ɗaya-ɗaya in gwajin ya shafi kamasho ko caji. Wakilai biyu shago na kallon shago a Kantin Kwari, kafin azahar sun gwada wayoyinsu, kafin la'asar an kira ku ana cewa kuna nuna bambanci. Irin wannan sai a raba ta kasuwa ko ta unguwa, kuma lissafin yawan da ake bukata ya canza gaba ɗaya, don yanzu kasuwanni kake ƙirgawa ba mutane ba. Duk gwajin da ya taɓa kuɗin mutane ko bayanansu, a sa mai kula da doka a ciki tun farko. Najeriya na da dokar kare bayanai tun 2023. Facebook ma ya sha suka a 2014 da aka gano ya gwada sauya abin da mutum kusan 689,000 ke gani don a auna yanayin zuciyarsu ba da saninsu ba.

Sai batun da ke kashe irin wannan tawaga a hankali: yadda ake auna ta. In aka ce za a yaba mata da yawan gwajin da ya ci, ka ba ta wata shida za ta koyi yadda ake sa komai ya ci. Kohavi ya sha faɗa cewa a Microsoft kusan kashi ɗaya cikin uku na dabaru ne kawai ke inganta abin da aka yi su dominsa, sauran ko ba su canza komai ba ko sun ɓata. Kuma ba a iya gane mai ci da ido. A 2012 wani ma'aikacin Bing, shafin bincike na Microsoft, ya kawo shawarar sauya yadda kanun talla ke fitowa, aka ga ƙaramin abu ne aka ajiye fiye da wata shida. Da wani injiniya ya gwada, kuɗin shiga ya tashi da kashi 12 cikin 100, har na'urar ta yi ƙarar gargaɗi don ta ɗauka kuskure ne. A shekara ya haura dala miliyan 100 a Amurka kaɗai. Irin wannan dalilin ne ya sa Booking.com na Amsterdam, kamfanin kama ɗakin otal ta intanet, suka bar kowane ma'aikaci ya kunna gwaji ba sai ya nemi izinin manaja ba, amma kowa na ganin gwajin kowa. Ku ba ku kai can ba, amma ku auna cibiyarku da kwana nawa ake ɗauka daga dabara zuwa sakamako, da sau nawa sakamako ya sa aka fasa abin da aka yi niyya.

Kayan aiki kuwa, kada injiniyanku ya ce zai gina nasa daga tushe, shekara za ta tafi. Google Optimize an rufe shi ranar 30 ga Satumba 2023, amma in manhajarku na kan Firebase akwai gwajin A/B a ciki, akwai kuma GrowthBook da za ku iya ɗorawa a kan sabar ku.

Ka turo mana adadin waɗanda ke isa shafin da oga ya fi damuwa da shi a mako, da nawa ne cikinsu ke kammalawa, in sha Allahu da daddare sai mu lissafa tare mu ga kwana nawa gwajinku na farko zai ci.