Me ya sa Khabib ya ajiye dambe yana kan ganiyarsa?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa Khabib Nurmagomedov ya bar UFC, wato babbar gasar faɗan da ke haɗa dambe da kokawa, alhali babu wanda ya taɓa doke shi. Dalilin rasuwar mahaifinsa ne.

Khabib ɗan Dagestan ne a Rasha, an haife shi a 1988. Mahaifinsa Abdulmanap shi ya horar da shi tun yana ƙarami, ya koya masa kokawa da sambo, wani salon faɗa na Rasha. Salonsa ma daga can ya samo shi: ya matsa abokin karawa jikin raga, ya kai shi ƙasa, ya danne shi har numfashi ya yi masa wuya. Da haka ya ci kambun ajin marasa nauyi a 2018, kuma a shekarar ya shaƙe Conor McGregor a zagaye na 4 a Las Vegas.

A watan Yulin 2020 Allah ya yi wa Abdulmanap rasuwa bayan ya kamu da korona. Wata uku bayan haka Khabib ya kara da Justin Gaethje a Abu Dhabi, ya gama da shi a zagaye na 2. Ni dai har yau in na tuna wannan dare sai jikina ya yi sanyi. Ya durƙusa a tsakiyar fili yana kuka, ya cire safar hannunsa ya ajiye, ya ce ya yi wa mahaifiyarsa alƙawarin ba zai ƙara faɗa ba tunda babu mahaifinsa a gefensa.

Ya tafi da nasara 29, babu faɗuwa ko ɗaya. Daga baya ya koma taya 'yan wasa irin su abokinsa Islam Makhachev horo.