Motar Ɗaga Kaya: Mai Batir Zan Saya ko Mai Dizal?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina kula da wani babban sito na kayan abinci, rufaffe ne, muna aiki safe da yamma, ma'aikata kashi biyu. Kayan da muke ɗagawa ba ya wuce tan biyu. Maigidana yana son mu sayi motar ɗaga kaya mai dizal saboda ta fi arha, ni kuma hankalina ya fi kwanciya da mai batir. Wanne ne daidai?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, a rufaffen sito ka cire mai dizal daga lissafi. Hayaƙinta yana ɗauke da iskar kabon monoksaid da baƙar ƙura, direba ya shaƙa, kwalayen abinci su sha. Wurinta fili ne, inda ake sauke tirela a ƙasa mai gargada, ko kaya masu nauyin tan biyar zuwa sama.

Mai batir ce taka, amma kada ka saya sai ka tambayi irin batirin, domin a nan ake yin kuka. Tsohon samfuri mai dalma da asid yakan yi aikin kusan awa 8, ya ci caji awa 8, sannan yana son wasu awa 8 ya huce. Da ma'aikata kashi biyu, ashe batir biyu za ku saya, kuma ɗaya kan haura tan guda, don shi ne nauyin da ke danne bayan motar kada ta kife. Canza shi sai da na'ura. Yana son ruwan batir a kai a kai, bayan caji ake zubawa, kuma ɗakin caji ya samu iska, saboda yana fitar da haidurojin mai kama wuta. Direban da ke shanye shi har ƙasa da kashi 20 cikin ɗari yana rage masa kwana.

Batirin lithiyam ya kawar da wannan wahala. Cikin awa ɗaya zuwa biyu ya cika, ana iya jona shi lokacin hutu, babu zancen ruwa. Tsada ce kawai.

Ka nuna wa maigida cewa arhar mai dizal ranar saye take ƙarewa: ga mai, ga juyen baƙin mai, ga canjin filta. Idan kuma wutar lantarkinku ba ta zama, ku duba mai gas. Tukunyarta cikin 'yan mintoci ake canzawa, hayaƙinta ya fi sauƙi, sai dai ita ma ƙofofin sito a buɗe take so.