Sofa, kushin da dakalin ƙofar gida

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce kun je duba kayan ɗaki, mai shago yana ta kiran doguwar kujera "sofa", shi ne kike tambaya ko Turanci ne, kuma ko tun asali al'adarmu ce a kai amarya da ita.

Sunan dai a bakin Turawa muka ji shi, amma su ma aro suka yi. Asalinsa Larabci ne, suffa, wato wurin zama da aka ɗan ɗaga daga ƙasa, abin da mu za mu ce dakali. Turkawa suka ɗauka suna kiran dandamalin da suke shimfiɗa wa darduma da matasai da shi, daga wurinsu ya tsallaka Turai, ya shiga Turanci a ƙarni na 17. Ai kin san kalmar tun kina Islamiyya: Ahlus Suffa, sahabban nan marasa gida da ke kwana a rumfar masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina, cikinsu har da Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda. Wallahi in na tuna haka sai jikina ya yi sanyi. Sunan makwancin talakawan sahabbai, yau shi aka liƙa wa kujerar da iyaye ke cin bashi su saya.

Mu nan Kano ba mu cika cewa sofa ba. Kushin muke cewa, in an haɗa manya da ƙanana a ce saiti.

Batun al'ada kuwa, kayan ɗaki a wuyan uban amarya yake, wannan ya daɗe. Kushin ɗin ne baƙo. Da aka yi mini jere a Yakasai, abin da na tarar gadon ƙarfe ne mai rumfa, da jeren kwanuka har sama, da tabarma, da kujera 'yar tsugunno, sai tumtum biyu da kakanki ya sayo a Kasuwar Kurmi. Baƙuwa ta zo a shimfiɗa mata tabarma, ba wadda ta taɓa jin an raina ta. Maza kuma zaure ne nasu. Kakanki a dakalin ƙofar gida yake zama bayan la'asar, a nan ake kawo masa gaisuwa, a nan ya sha sasanta maƙwabta. Sofarsa ke nan, ta ƙasa ce, duk shekara bayan damina a yi mata sabon yaɓe.

Babanki ƙanena ne, na san ƙarfinsa, kuma na san ba zai iya ce miki babu ba. Ki bar musu kujerun Turkiyyan nan a shago. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan zo mu je wurin kafintan da ya yi wa yayarki nata, shekara shida ke nan ko ƙafa ɗaya ba ta girgiɗe ba. Ki gaida mamanki.

Goggonki