Amsa ga mai tambayar kambun zuciya na tuntun zare

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta tambayarki, kin ce kin haɗa tuntayen zare kin manna su a kwali don ki yi kambun ado mai siffar zuciya, sai ya fito a dunƙule ba a gane zuciyar, ga zaren kuma yana ta zubewa. Na daɗe ina wannan aiki, kuma matsalolin nan biyu duk suna da magani.

Bari in fara da zubewar zare. Kusan kullum daga ƙullin tsakiya take. Zaren saƙa na akirilik, wato na roba, yana miƙewa, in kika ja shi da ƙarfi kuma ya tsinke, don haka shi kaɗai ba ya ɗaure tuntu yadda ya kamata. Ki naɗa da shi, amma ki ɗaure da siririn zaren auduga mai ƙarfi, ki ninka shi biyu. Wajen ƙulli na farko ki zaga bakin zaren sau biyu kafin ki ja, haka zai riƙe ba zai saki ba kafin ki yi na biyu. Sai ki juya tuntun ki sake ƙullawa ta baya. Kada ki yanke jelar zaren nan, ki bar mata kamar santimita 20, za ta yi miki amfani a gaba.

Naɗin ma kada ki yi masa rowa. Tuntun da aka ƙwauro wa zare yakan fito a yamutse har ana hango ƙullinsa. Ni ina naɗawa a zoben kwali guda biyu har ramin tsakiya ya kusa toshewa, ƙananan kuwa a cokali mai yatsu nake yin su. Bayan an yanka gefen naɗin an kuma ɗaure tsakiya, sai aski da almakashi mai kaifi, kuma ki aske sosai ba tausayi, domin askin ne ke sa ya cika ya yi tumɓul. Ki taje shi da mataji a hankali, ki sake daidaita gefensa.

Yanzu siffar zuciyar, wadda ita ce ta fi damunki. Abu biyu ne ke sa ido ya gane zuciya: lotsawar sama da tsinin ƙasa. Tuntu kuwa abu ne mai kumburi, yana cike lotsawa yana kuma dakushe tsini. Saboda haka tun wajen zana kwalin ki zurfafa lotsawar fiye da yadda kike ganin ya dace, tsinin ma ki ƙara masa tsayi. A kwali zai yi kamar ya wuce gona da iri, amma da zarar tuntaye sun hau zai dawo daidai. Zuciya mai faɗin santimita 30 ita na fi jin daɗin aiki da ita, a yanke cikinta a bar gefe mai faɗin kamar santimita 5, a manna kwali biyu don kada ya lanƙwashe. Tuntun da ya haura santimita 5 ya yi wa wannan girma yawa. Layi biyu na masu santimita 5 ɗin zai ci tuntaye wajen 35 zuwa 40, ban da ƙanana.

Ki fara da wuraren nan biyu masu wuya. Ƙaramin tuntu ɗaya tak a kan tsinin ƙasa, ƙanana kuma a cikin lotsawar, manyan su tafi kafaɗun zuciyar biyu. Ki jera su duka a ƙasa tukuna, ki ja baya ki duba, kafin ki ɗaure ko ɗaya.

Na ce ɗaure ne da gangan. Gam ɗin da ake narkarwa da bindiga bakin zaren kawai yake kamawa, kuma yana iya saki idan wurin ya yi zafi. Ki huda kwalin ramuka biyu-biyu, ki zura jelar da kika bari, ki ƙulla ta baya. In wani ya karkace sai ki kwance ki gyara. Kafin nan ki naɗe kwalin da zare mai launin tuntayen don kada ya leƙo ta tsakaninsu.

Launi ya rage naki, sai dai launuka biyu ko uku masu kusanci sun fi fito da siffar. Igiyar rataya ki kama ta a kafaɗu biyu, in a tsakiya kawai kika sa zai riƙa karkata. Ki nisanta shi da kyandir da duk wata wuta, akirilik narkewa yake. In ya yi ƙura ki kaɗe shi kawai, ruwa yana lalata kwalin.

Wanda kika riga kika yi ma bai ɓaci ba. Ki ciro tuntayen, ki ƙara ɗaure su da zaren auduga, ki rage girman wasu da almakashi, ki yanka sabon kwali. Allah ya ba da sa'a, ki nuna mana idan kin gama.